Neman maƙala 46 a cikin azumi

Ana kwana huɗu da kama azumin 2024 ɗiyar yayata ta shigo gidana bayan La'asar, fuska a murtuke, ta ajiye mini babi na biyu na kundin digirinta na biyu a kan tabarma. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba. Na ɗaga shafukan, jan biro ko'ina kamar an yanka kaza a kai. A saman shafin farko malamin da ke duba aikin ya bar mata layi guda, ma'anarsa: tsakure kawai kika karanta, koma ki karanta maƙalun.

Gaskiya ya faɗa, ita ma ba ta musa ba. Fannin noma take karantawa, bincikenta kuwa a kan wuta-wuta ne, ciyawar nan mai kyan fure da wasu ke kira ƙuduji, wadda ke maƙale wa saiwar dawa da gero da masara ta tsotse su tun kafin ta leƙo sama. Tsiro guda kan zubar da iri dubbai, irin kuma ya iya kwanciya a ƙasa sama da shekara goma yana jiran ƙamshin saiwar dawa. Ita tana gwada ko haɗa dawa da wake, da ɗan ƙarin taki, zai rage ɓarnar. Ta tara manazarta 46 a takarda. Kusan duk wadda ta danna a intanet, sai shafin ya nuna mata tsakure, 'yan layuka goma sha, sannan ya ce ta kawo dala 35 ko 40 idan tana son sauran.

"Kawu, ko na yarda zan biya, da me zan biya?"

Muka yi lissafi a bayan takardar. A watannin nan dala ta haura naira 1,500, ke nan maƙala ɗaya ta dala 40 ta kai naira 60,000. Mafi ƙarancin albashi a lokacin 30,000 ne. Shafi goma sha biyu, albashin masinja na wata biyu. Ko da kuɗin suna hannu, katin naira ya daina aiki a shafukan waje a lokacin, sai ka nemo mai asusun dala.

Abin da ya sa ta zo wurina, na yi nawa digirin na biyu a Malesiya. A can ban taɓa tunanin maƙala tana da farashi ba: ka shiga da lambarka ta ɗalibi, ka danna, ta buɗe. Bayan na dawo gida na kama koyarwa, wata shida kalmar sirrina ta mutu, ranar na gane ashe jami'ar ce ke biyan maƙudan kuɗi kowace shekara a madadinmu. Tun daga nan na koyi bin ƙananan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata ta dawo bayan Tarawihi da kwamfutarta da caja, ni zan sayi data.

Daren farko ba mu sauke komai ba, gyaran jeri muka yi. Rabin sunayen a karkace suke, domin daga manazartar wasu kundaye ta kwafo su, su ma daga wasu suka kwafo. Wani marubucin an rubuta sunansa iri uku, wata maƙalar shekararta ta goce da biyu. Muka zana jadawali: marubuci, shekara, take, mujalla, sai lambar DOI, wato doguwar lambar nan mai farawa da 10 wadda ke zaman lambar shaidar kowace maƙala. Ta yi ta ƙorafin ɓata lokaci ne. Daga baya ita da kanta ta ga amfaninsa, don take na iya kama da take, amma wannan lamba ba ta da tagwai.

Dare na biyu muka fara da Google Scholar, wanda ke nan tun 2004 kuma kowane ɗalibi yana cewa ya iya shi. Abin da mafi yawansu ke yi shi ne danna babban take mai shuɗi, shi kuwa kai tsaye yake kai mutum shagon kamfanin ɗab'i, inda ake neman dala. Na nuna mata gefen dama, inda wani sa'in ake rubuta PDF. Idan babu, a ƙasan kowane sakamako akwai ɗan ƙaramin rubutu mai faɗin sigogi nawa maƙalar take da su a intanet, bakwai ko goma sha ɗaya. Danna shi za ka yi, ka bi su ɗaya-ɗaya. Sau da yawa ta shida ko ta bakwai tana zaune a rumbun wata jami'a, kyauta, kuma marubucin ne da kansa ya ajiye ta bisa ƙa'ida. A nan sa'a ta taimake ta, domin yawancin aikin wuta-wuta na yankinmu ya fito ne daga cibiyoyin binciken noma irin IITA ta Ibadan, mai reshe a Kano, da ICRISAT mai tashoshi a Kano da Sadore a Nijar, su kuwa suna da buɗaɗɗun rumbuna da suke zuba ayyukan ma'aikatansu.

Sai na sa mata Unpaywall a burauzar kwamfutarta. Ɗan ƙaramin ƙari ne, kyauta, da ya fito a 2017. Duk lokacin da ka buɗe shafin maƙala, sai wani ɗan kwaɗo ya bayyana a gefen allo. Idan kore ne a buɗe, akwai halastaccen kwafi a wani wuri, danna kawai. Idan toka-toka ne a kulle, bai samu ba. Karo na farko da ya yi kore a shafin da ya nemi dala 39 daga hannunta kwana uku da suka wuce, sai da ta yi salati. Waɗanda suka shafi sinadarin da saiwar dawa ke fitarwa ya farkar da irin wuta-wuta kuwa, a PubMed Central muka tsince su, rumbun da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta buɗe a 2000, duk da sunansa na likitanci yana cike da maƙalun ilimin tsirrai.

Nan muka yi gardamarmu ta farko. Wasu daga abin da muka sauke ba su yi kama da mujalla ba: rubutu ne zalla, tazara biyu tsakanin layuka, jadawali da zane duk an tura su ƙarshe. Ta ce ba su ba ne, na jabu ne. Na yi mata bayani cewa maƙala tana da matakai. Akwai wadda marubuci ya fara aikawa, masana ba su tantance ta ba tukuna, ita wannan a yi hattara da ita domin alƙalumanta na iya canjawa. Akwai wadda aka tantance aka karɓa, sai dai ba a yi mata kwalliyar maɗaba'a ba, kuma ita ce yawancin kamfanoni ke yarda marubuci ya ajiye a rumbun jami'arsa, wani lokaci bayan watanni. Abin da ke cikinta da abin da ke cikin ta mujalla ɗaya ne, lambar shafi ce kawai ta bambanta. Ka karanta wannan, ka ambaci waccan a manazarta. Kafin sahur na dare na uku muna da 21 cikin 46.

Biyar na gaba ba su ba mu wahala ba. Mujallun gida ne, na jami'o'i da ƙungiyoyin masana noma na Najeriya, kuma suna AJOL, dandalin da ya tattara mujallun Afirka sama da 500. An fara shi a 1998, yanzu daga Afirka ta Kudu ake gudanar da shi, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan mujallu a cikinsa. Ba ta taɓa jin sunansa ba. Shekara biyar a digirin farko, har da wata takwas na yajin aikin 2022, da shekara guda a na biyu, ba wanda ya taɓa ambata mata shi.

Bari in ɗan ratse. Kulle maƙalu masu kyau ba hana karatu kawai yake yi ba, yana tura ɗalibi wurin marasa kyau. Idan ka duba manazartar kundaye da yawa za ka ga cike suke da mujallun nan masu dogayen sunaye da ke buga komai cikin kwana uku muddin an biya, domin su ƙofarsu a buɗe take kullum. Ɗalibi bai san bambanci ba, abin da ya buɗe shi yake ɗauka. Na koya mata ta riƙa duba sunan buɗaɗɗiyar mujalla a DOAJ, jerin da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, wanda ba ya karɓar mujalla sai an duba yadda take tantance aiki. Rashin suna a ciki ba hukunci ba ne, amma dalili ne na ƙara buɗe ido.

Saura 20, kuma su ne masu tauri. Na tambaye ta yaushe rabonta da ɗakin karatun jami'arsu. Ta ce tun rajista. Na ce gobe da safe can za mu.

Sashen kwamfutoci yana hawa na sama. Layi-layi na na'urori an lulluɓe su da ƙyalle saboda ƙura, babu wuta, tagogi a buɗe, zafin watan Maris yana shigowa yadda yake so. A ƙuryar ɗakin wata dattijuwa tana zaune da carbi da babban littafin rajista. Muka gaisa.

"Ranki ya daɗe, ko kuna da rajista da Research4Life? AGORA muke nema."

Ta ɗago kai ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi yarinyar. "Ikon Allah. Wa ya gaya muku?" Ta karɓi katin shaidar ɗalibar, ta rubuta sunanta da sashenta, sannan ta jawo durowa ta fito da wani ɗan kati da aka manne da salatif. Na leƙa littafin. Sunan da ke sama da nata an rubuta shi ne tun watan Nuwamba.

Ga abin da ke cikin durowar. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya da manyan kamfanonin ɗab'i shida, cikinsu har da Elsevier da Springer da Wiley, suka buɗe Hinari domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun lafiya. A 2003 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da Jami'ar Cornell suka kawo AGORA ta noma. OARE ta muhalli ta biyo baya a 2006, ARDI ta fasaha da ƙere-ƙere a 2009, GOALI ta shari'a a 2018. Su biyar ɗin ne a ƙarƙashin inuwa guda ake kira Research4Life, dubban mujallu da littattafai. An kasa ƙasashe rukuni biyu gwargwadon arzikinsu: na farko kyauta, nan Nijar da Chadi suke, na biyu kuma cibiya kan biya dala 1,500 a shekara, kuɗin da bai kai na sayen maƙala 40 ɗaiɗai ba. Ba mutum ke rajista ba, cibiya ce: jami'a, kwaleji, asibitin koyarwa, cibiyar bincike. Ana ba ta suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ma'aikacin ɗakin karatu ke riƙe su. Kaza ta kwana a kan dami ke nan.

Na shiga da niyyar ganin laifin ma'aikata, na fito da rabin laifin a wuyanmu. Hajiya ta ce duk shekara suna kiran sababbin ɗalibai bita, ba ya wuce mutum goma ke zuwa, malamai kuwa ko ɗaya. Na ce to me zai hana a manna katin a allon sanarwa? Ta ce an taɓa yin kusa da haka, wani ya jefa kalmar a zauren WhatsApp, ta yi yawo har ƙasar waje, aka rufe musu asusun, sai da suka yi ta rubuce-rubuce kafin a buɗe. Sharaɗi ne: na 'yan cibiyar ne kawai, a cikin ƙasar, kuma ba a sauke fitowar mujalla ɗungurungum. Duk da haka ina ganin takarda guda a bakin ƙofa mai cewa "muna da kaza, ku hau sama ku tambaya" ba za ta karya wani sharaɗi ba. Na faɗa mata, ta ce za ta kai maganar gaba.

Da aka tada janareta wajen sha ɗaya muka shiga. Nan yarinyar ta yi kuskuren da kowa ke yi: ta shiga da kalmar sirri, ta buɗe wani shafin daban ta nemo maƙalar a Google, ta danna, aka ce dala 40. Ta juyo ta dube ni kamar na yaudare ta. Hajiya ta taso ta tsaya a kanta. "'Yata, ta ƙofar da kika shigo za ki bi. Nemo sunan mujallar a cikin jerin nan, ki danna daga nan, shi ne kamfanin zai gane ke tamu ce." Ta bi, ta zaɓi shekara da fitowa, sai ga maƙalar ta buɗe gaba ɗayanta. Mun sauke huɗu man janareta ya ƙare. Washegari muka koma, muka samu biyar. Biyu tsofaffi kuma Hajiya ta ciro mana su daga TEEAL, wani ɗan akwatin ajiya da Cornell ta shirya wa makarantun noma, cike da mujallu, ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Sha ɗaya ke nan, jimla 37.

Ba komai ne ya buɗe ba. Wasu mujallun sunansu na cikin jeri amma an nuna ba a ba ƙasarmu su ba, domin kowane kamfani shi ke zaɓar ƙasashen da zai buɗe wa, kuma idan ya hango kasuwa a wata ƙasa yana iya janyewa. An ga haka a Bangaladesh a farkon 2011, lokacin da aka wayi gari manyan kamfanoni sun janye mujallu kusan 2,500 daga Hinari a ƙasar, sai da aka yi ca, har editocin mujallar Lancet suka soki abin, sannan aka mayar. Kyauta ce, mai kyauta kuwa yana iya naɗe hannunsa.

Saura tara: maƙalu shida da tsofaffin rahotanni uku. Na ce shidan nan masu su za mu rubuta wa. Ta zaro ido. "Kawu, ni wa, in rubuta wa farfesan Holan?" Na nuna mata cewa a shafin kowace maƙala, ko kulle take, akwai suna ɗaya mai alamar ambulan ko tauraro, da adireshin imel a ƙasa. An sa shi ne domin a tuntuɓe shi. Kuma marubucin maƙala ba ya samun ko kwabo daga dalolin da ake karɓa, haka masanan da suka tantance ta. Ribarsa a karanta aikinsa a ambace shi. Kai da ke roƙo kana ganin alfarma kake nema, shi kuwa mai karatu ya samu.

Wasiƙarta ta farko shafi guda ce cif. Ta gaishe shi, ta gaida iyalinsa, ta tambayi aiki da sanyin ƙasarsu, ta ba da tarihin karatunta tun daga sakandare, ta yi bayanin halin da naira ke ciki, sai a layin ƙarshe ta ambaci maƙalar, ba ta ma sa shekara ba. Na yi dariya har ta ji haushi. Muka rage ta zuwa layi huɗu: ni ɗaliba ce a sashe kaza, ina bincike a kan wuta-wuta a gonar dawa, ɗakin karatunmu ba shi da maƙalarka mai take kaza ta shekara kaza, ko za ka taimaka mini da kwafi, na gode. Taken maƙalar a kan wasiƙar. Ta aika shida ana kiran sallar Isha'i.

Kafin mu sha ruwa washegari biyu sun amso. Ɗaya bai ce komai ba, maƙalar kawai ya maƙalo. Ɗayar, wata mai bincike a Jami'ar Wageningen ta Holan, ta haɗo da wasu biyu da ba mu roƙa ba, ta ce sun fi sabunta, ta kuma tambayi irin waken da ake gwadawa. Yarinyar nan ta karanta wasiƙar ta fi sau goma. Na uku ya amsa bayan mako guda. Na huɗu wasiƙar ta dawo, adireshin ya mutu, sai muka nemi sabuwar maƙalarsa muka ga ya koma wata jami'a, muka sake aikawa, ya turo. Biyu shiru.

A nan ne ta yi mini tambayar da na san tana tafe. Abokan karatunta sun ce duk wannan wahalar banza ce, akwai Sci-Hub, shafin da ke raba maƙalu kyauta ba da izinin kamfanonin ɗab'i ba, ka zuba lambar DOI maƙalar ta fito. Ba zan yi kamar ban san shi ba, babu malamin jami'a a ƙasar nan da bai san shi ba. Wata ɗaliba 'yar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ta kafa shi a 2011 saboda irin wannan takaici da ya kawo ɗiyata gidana. Elsevier ta kai ta ƙara a New York, a 2017 kotu ta yanke diyyar dala miliyan 15. Ƙasashe da dama sun toshe shi, kuma tun wajen 2021 kusan ya daina ƙara sababbin maƙalu. Na gaya mata yadda nake gani: ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka, ba ni zan kai ta can ba, amma kuma ba na iya kallon yaron da aka ce ya kawo albashin wata biyu a kan shafi goma sha biyu in kira shi ɓarawo. A ɗakin malamai mun sha gardamar halas da haram a kansa har shayi ya huce, ba a taɓa tashi da matsaya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai maganar Hajiya ce: a ƙarshen shekara alƙaluman amfani ake dubawa, idan aka ga ba mai shiga ta ƙofar ɗakin karatu, sai a ce ba a buƙata, a ƙi sabunta rajista. Mai bi ta katanga yana taimakawa a toshe ƙofa bai sani ba.

Rahotanni ukun nan su suka fi ba ni mamaki. Aiki ne da aka yi a Samaru ta Zariya, inda ake binciken noma tun 1922, an buga su a shekarun 1970 da 1980, kuma kowa yana ambatarsu domin su ne suka fara auna abin a ƙasarmu da irin dawarmu. Ba su da DOI, ba su cikin kowane rumbun da muka bincika, takarda ce kawai. Na kira wani abokina da ke koyarwa a Zariya. Ya ce sai bayan Sallah. Da ya samu sarari ya je, ma'aikatan suka taya shi tono, aka samu biyu. Ya ɗauki hoton shafi 34 da wayarsa ya turo ta WhatsApp, wasu a karkace, babban yatsansa a kusurwar kowane shafi, takardar ta yi ruwan ƙasa, jadawalin da keken rubutu aka buga shi. Maƙalar Holan ta iso cikin awa goma sha takwas. Ta Zariya, tafiyar 'yan awoyi a mota, sai da ta ci mako uku. Kuma a cikin hotunan nan ne ta samu alƙaluman da suka fi kusa da gonar gwajinta.

Littafi kuwa wata wahala ce daban, kuma ban warware ta yadda nake so ba. Tana buƙatar littafin lissafin tsara gwajin gona. Ɗakin karatu yana da kwafi biyu ga duk sashen, ɗaya an yage babin da kowa ke nema, ɗayan ba a fita da shi. Sabo ya haura dala ɗari. Marubucin littafi kuma ba ka rubuta masa ya turo, domin shi yana da kaso a ciniki. Malamanmu suna ba mu labarin zamanin ELBS, bugun rahusa da gwamnatin Birtaniya ke tallafawa tun 1960, littafin likitanci ko injiniya a kan ɗan abin da ɗalibi zai iya ciro wa daga alawus. An rufe shirin a ƙarshen shekarun 1990, shagon fotokwafi ya gaje shi.

Abin da muka yi faci ne. Tushen lissafin ta ɗauko daga OpenStax, shirin Jami'ar Rice ta Amurka da ke fitar da cikakkun littattafai kyauta tun 2012, da lasisin da ya yarda ka sauke, ka buga, ka raba. Suna da kyau ƙwarai ga ɗan aji ɗaya da aji biyu, kimiyyar halittu, sinadarai, fiziks, lissafi, ni kaina da su nake koyarwa yanzu. Sai dai misalansu na Amurka ne, kuma ba su kai zurfin digiri na biyu ba. Ta ƙara da littattafan jagora na FAO da ICRISAT, waɗanda kyauta suke a shafukansu, da darussan Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya da ke kan intanet ga kowa. Babin da ya rage ta zauna a gaban Hajiya kwana uku ta karanta shi daga kwafin da ba a fita da shi, tana rubutawa da hannu.

Saura kaɗan mu yi asarar komai a satin ƙarshe. Ta kai filashinta shagon buga takardu, ta dawo duk manyan fayilolin sun koma gajerun alamu, ƙwayar cuta ta ɓoye su. Ta kira ni tana kuka. Allah ya sa tun daren farko na tilasta mata zuba komai a Zotero, manhajar kyauta mai adana maƙala tare da bayananta, ta kuma tura wa kanta kwafi ta imel duk dare. Minti ashirin muka dawo da su. Tun daga ranar ta imel take tura wa mai shago abin da za a buga.

An tashi da 43. Ukun da ba mu samu ba na ce ta cire su daga manazarta. Ta ce ai kowa yana ambatarsu. Na ce kowa ɗin ma bai gan su ba, shi ya sa shekarar ta goce da biyu. Ta cire. Da ta zauna ta karanta sauran daga farko zuwa ƙarshe, ta gano biyu ba su ma faɗi abin da ta jingina musu ba: a tukunya aka yi gwajin, cikin ɗakin gilashi, ba a gona ba, tsakuren bai ambata ba. Babin ya ragu da shafi huɗu.

Ta mayar da shi ana saura mako biyu Babbar Sallah. Da ta karɓo, jan biron bai wuce wuri shida ba, yawanci waƙafi da aya. Ta ce har ta kai bakin ƙofa malamin ya kira ta, ya buɗe shafin manazarta, ya ɗora yatsa a kan ɗaya daga sababbin nan biyu da matar Wageningen ta haɗo.

"Wannan a ina kika same ta?"

Ta ce marubuciyar ce ta aiko mata.

Ya ɗan yi shiru, ya yago takarda ya rubuta adireshinsa na imel ya miƙa mata. "Turo mini ita yau. Shekara biyu ina nemanta."